Tambayoyin Masu Karatu: Wace Fawa Saflai Zan Saya da Ɗan Jarina?

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowa, kuma dukkansu a kan abu guda suke, wato na'urar ba da wuta ta kan teburin gyara, wadda masu sana'a suke kira fawa saflai. Ta farko ce ta fi ɗaukar fili, domin amsarta ita ce tushen sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na shekara biyu ina koyon gyaran wayar salula a hannun maigidana a kasuwar Farm Centre da ke Kano, yanzu kuma ya yaye ni, na kama ɗan shago a unguwarmu. Ban da wayoyi, mutane suna kawo mini laftof da fitilun caji da rediyo. Na shiga kasuwa na ga fawa saflai iri uku: ƙarama mai bolt 15 da amfiya 2 irin ta maigidana, da wata mai nauyi da aka rubuta mata bolt 30 da amfiya 5, da wata marar nauyi mai bolt 30 da amfiya 10, wadda kuma ta fi mai nauyin araha. Zuciyata ta karkata ga ta ukun, tunda ta fi ƙarfi kuma kuɗinta bai kai ba. Jarina kaɗan ne, ba na son in saya sau biyu. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya albarka a sabon shago, ya kuma saka wa maigidanka da alheri. Shawarata a taƙaice ita ce ka sayi mai bolt 30 da amfiya 5, amma da sharaɗin ka gwada ta kafin ka biya, kuma ina so ka fahimci dalilin, domin lambar da ta fi ɗaukar idonka a jikin kwali ita ce mafi ƙarancin amfani a gare ka.

Wuta kana da ita a ko'ina cikin shagonka, akwai caja, akwai batir, akwai tsohuwar adafta a aljihun tebur. Abin da waɗannan duka suka rasa shi ne linzami. Fawa saflai ta ƙwarai tana ba ka iko a kan abu biyu: bolt, wato ƙarfin da ke tura wutar, da amfiya, wato yawan wutar da ka yarda ta kwarara. Idan ka saita bolt 4.2 ka kuma saita iyakar amfiya a 0.5, muddin fanel ɗin da ka jona, wato allon kayan cikin waya ko rediyo, yana jan abin da bai kai rabin amfiya ba, na'urar za ta riƙe bolt ɗin daram, fitilar da aka rubuta wa CV, alamar bolt ne a tsaye, kuma tana kunne. Da zarar fanel ɗin ya nemi fiye da haka, ko saboda shot, wato haɗewar layukan wuta da bai kamata su haɗu ba, ko saboda wani kafasita da ya mutu, sai ta ƙi ba shi, ta sauke bolt ɗin da kanta har sai wutar ta tsaya a kan iyakar da ka sa, fitilar CC, alamar amfiya ce a tsaye, ta kama. Wannan sauyawa daga CV zuwa CC ita ce ainihin abin da kake biyan kuɗi a kansa.

Na ga bambancin da idona a kan teburina. Wani yaro da ke koyon aiki a wurina ya taɓa jona fanel ɗin wata rediyo da batirin mota kai tsaye, bai san akwai dayod da ya haɗe a ciki ba. Kafin ya janye hannunsa, siririn layin jan ƙarfen da ke kan fanel ɗin ya yi ja kamar garwashi, ya tashi daga jikin allon, warin ƙuna ya cika ɗakin, aikin minti goma ya koma na yini guda. Bayan mun ɗinke layin, na jona fanel ɗin da fawa saflai a bolt 12 da iyakar amfiya 0.3. Lambar bolt ta faɗo ƙasa da 1, jar fitilar CC ta kama, babu hayaƙi, babu ƙara. Na ɗora ɗan yatsa a kan kayan ɗaya bayan ɗaya har na ji wanda ya yi ɗumi, shi ne mai laifin. Tun daga ranar yaron bai ƙara jona komai ba sai ya fara murɗa makunnin amfiya ƙasa.

To, me ya sa ban ce ka tsaya a ƙaramar irin ta maigidanka ba? Waɗannan masu lamba 1502, wato bolt 15 da amfiya 2, da kamfanoni kamar Yihua da Baku suke yi, sun ciyar da dubban masu gyaran waya, kuma allurar da wasunsu ke da ita tana da daɗin karantawa, domin wanda ya ƙware yana gane inda waya ta maƙale wajen tashi daga yadda allurar ke rawa. Sai dai ka ce ana kawo maka laftof. Yawancin laftof na HP da Dell suna aiki da bolt 19.5, na Lenovo kuma 20, saboda haka bolt 15 ba zai tashe su ba ko kusa. Cajar laftof mai wat 65 tana ba da kimanin amfiya 3.3, mai wat 90 kuma kimanin 4.6, ka ga ke nan amfiya 5 ta rufe maka su duka. Ko wayoyin zamani ma, wasunsu sukan ja wuta mai yawa na ɗan lokaci a farkon tashi, har ƙaramar ta ɗauka shot ne ta yanke. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikin ƙananan nan ba sa riƙe wuta a kan iyaka, suna yankewa ne kawai su yi kuka, alhali kai kana buƙatar wutar ta ci gaba da kwarara a hankali domin ka lalubo abin da ke zafi.

Yanzu ga batun nauyi, wanda shi ne ya ruɗa ka. Mai nauyin tana da babbar taransifoma ta ƙarfe da jan ƙarfe a cikinta, wadda ke sauke wutar gari, sannan tiransisto ya rage ragowar ta hanyar mayar da ita zafi. Hanya ce tsohuwa mai ɓarnar wuta: inda a ce bolt 35 ne ke shiga tiransiston kai kuma kana ɗibar bolt 5 a amfiya 3, to wat 90 ne zai tafi a zafi. Shi ya sa masu kyau suke da rile, wato makunni mai aiki da kansa, da ke sauya layin taransifoma, kuma shi ne ƙaran ƙas-ƙas da za ka ji idan kana murɗa bolt sama. Ladan wannan ɓarna shi ne wuta mai tsabta ƙwarai, wadda rawar da ke cikinta ba ta wuce ɗan milibolt kaɗan ba, ga kuma sauƙin gyara, domin kayan cikinta duk sanannu ne, kai da kanka za ka iya canza su. Marar nauyin kuwa tana datsa wuta ne tana saki sau dubbai a cikin daƙiƙa guda, kamar yadda cajar waya ke yi, don haka ba ta buƙatar babbar taransifoma, ba ta zafi sosai, kuma ta fi araha. Aibinta shi ne datsawar tana barin ƙura a cikin wutar. A gyaran waya da laftof ba lallai ka lura ba, amma ranar da ka jona rediyo ko amfilifaya za ka ji tsuwa a lasifika, ka yi ta neman ciwon da ba a jikin kayan mutane yake ba.

Ban ce marar nauyi haramun ce ba. Wanda ke aikin fitilun LED masu tsawo ko injinan bolt 12 da 24, wanda da gaske yake buƙatar amfiya 10, ita ce daidai da shi, kuma akwai na Wanptek da Longwei da mutane ke aiki da su lafiya. Amma kai a aikinka da wuya ka haura amfiya 5, kuma na'ura mai amfiya 10 sau da yawa tana da wuyar saitawa a ƙananan lambobi, inda kai kuma can ne rayuwarka take. Idan waya tana shanye batir alhali a kashe take, abin da kake nema shi ne yoyon miliamfiya 20 ko 30 (miliamfiya kashi ɗaya ne cikin dubu na amfiya), kuma allon da ke nuna 0.00 kawai ba zai nuna maka shi da kyau ba. Nemi mai lamba huɗu, wadda ke nuna 0.000, wato tana ganin miliamfiya 1.

Idan kana son suna, misalin da nake bayarwa shi ne Korad KA3005D. Mai taransifoma ce, bolt 0 zuwa 30, amfiya 0 zuwa 5, tana saituwa da taƙin milibolt 10 da miliamfiya 1, tana da maɓallan ajiye saiti, don haka kana iya ajiye 4.2 na waya da 19.5 na laftof ka kira su da latsawa ɗaya. Abin da na fi so a jikinta shi ne maɓallin da ke buɗe wutar fita ko ya rufe ta ba tare da an kashe na'urar ba. Kada ka raina wannan maɓalli. Da shi kake saita bolt da amfiya kana ganinsu a allo alhali babu abin da ke fita, sai ka jona, ka duba, sannan ka saki wutar. Wasu masu araha da ba su da shi sukan yi tsalle su haura bolt ɗin da ka saita a daidai lokacin da aka kunna su, kuma wannan ƙiftawar ido ta isa ta kashe ai-si, wato ɗan guntun nan mai ƙafafu da yawa a kan fanel, mai aiki da bolt 3.3. Ka karanta haruffan sunan da kyau, domin akwai masu kama da juna a suna da fuska waɗanda ba su da maɓallin. Idan ka sami wata alama dabam mai waɗannan siffofi a kuɗin da ya fi sauƙi, ka ɗauka. Manya irin su Rigol DP832 mai bakin fita uku kayan ɗakin bincike ne, kuɗinsu ya ninka sau da yawa, ka bar su sai shago ya kafu.

Ga yadda za ka gwada a gaban mai kaya. Ka tafi da mitarka da ƙwan fitilar mota guda biyu, na sigina mai wat 21 da na gaba mai wat 55. Ka saita bolt 5, ka auna da mita, sannan 12, sannan 30, ka ga ko allonta da mitarka sun yi kusa da juna. Sai ka sauke bolt zuwa 2, ka rage amfiya, ka haɗa baƙin kan da jan kan wuri guda. Na'urar ƙwarai ba za ta firgita ba, fitilar CC za ta kama, kuma idan ka murɗa makunnin amfiya za ka ga lambar tana hawa tana sauka a hannunka. Wadda ta mutu ko ta yanke gaba ɗaya a wannan gwaji, ko mai kayan ya hana ka yinsa, ka ajiye ta. Daga nan ka saita bolt 12, ka buɗe amfiya, ka jona ƙaramin ƙwan, ya kamata ya ja kusan amfiya 1.75, babban kuma kusan 4.6. Ka bar babban yana ci na minti biyar kana kallon bolt, kada ya zube, ka kuma sa hannu a baya ka ji ko fanka ta tashi.

Abu biyu kuma ka ware musu kuɗi tun yanzu. Na farko igiyoyin jonawa, domin waɗanda ke zuwa cikin kwali galibi sirara ne, roba ce mai kauri da ɗan zare a ciki. Igiyar da turjiyarta ta kai om 0.2 za ta cinye bolt 1 cur a amfiya 5, allo yana nuna maka 19.5 alhali 18.5 ne ke isa laftof. Ka sami igiyar jan ƙarfe mai kauri ka haɗa naka. Na biyu sitabilaiza. Wutarmu a takarda bolt 230 ce, amma kowa ya san yadda take faɗuwa da yamma a unguwanni, kuma mai taransifoma idan wutar shiga ta yi ƙasa sosai ba za ta iya kai bolt 30 ba, tsabtar wutar ma sai ta lalace. Idan da inbata kake aiki, ka tabbata mai tsabtataccen zubi ce, wadda ake rubuta wa pure sine wave, domin mai araha takan sa taransifoma ta yi gurnani ta yi zafi. A lokacin hunturu kuma ka riƙa buɗe ta kana hure ƙurar da ta taru a fanka, bayan ka zare ta daga soket, kada zafin watan Afrilu ya riske ta a toshe.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a sashen injiniyan lantarki na wata kwalejin kimiyya da fasaha, ina shirin aikin kammala karatu da Arduino, wato ɗan allon kwamfuta na gwaji, da wasu na'urorin auna zafi. Ba ni da kuɗin sayen fawa saflai. Wani ɗan ajinmu ya ce in ciro ta cikin tsohuwar kwamfutar tebur in yi amfani da ita. Hakan ya yi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abin da ɗan ajinku ya faɗa yana yiwuwa, kuma mutane da yawa da shi suka fara. A irin wannan akwati, rawayar igiya bolt 12 ce, ja 5, ruwan lemo 3.3, baƙa ita ce ƙasa, shuɗiya kuma tana ba da bolt 12 na ƙasa da sifiri amma da ɗan ƙaramin ƙarfi, kuma idan kika haɗa koriya da baƙa za ta tashi. Matsalarta ita ce an ƙera ta domin ta ba da amfiya 15 ko 20 ko fiye, kuma ba za ta ga laifin komai ba sai an haura wannan. Kuskure ɗaya a kan allon gwaji, siraran igiyoyinki za su narke kafin ta yanke. Idan dole ita ce, ki sa fiyus na rabin amfiya ko amfiya 1 a kan layin da kike ɗiba, kuma kada ki buɗe murfinta, domin manyan kafasitocin ciki suna riƙe sama da bolt 300 ko bayan an zare ta daga soket.

Akwai hanyar da na fi so miki, kuma kuɗinta kaɗan ne. Ki nemi cajar laftof ta asali mai bolt 19, ko da ta hannu ce, ki haɗa ta da ɗan ƙaramin allon rage wuta mai saitin bolt da na amfiya duka biyu. Mafi araha su ne masu ai-si XL4015, amma ki lura ki ɗauki mai sukurorin saiti fiye da ɗaya, domin mai sukuru ɗaya bolt kawai yake saitawa. Idan aljihu ya ɗan yalwata, DPS5005 na kamfanin Riden yana da allo da maɓallin buɗe wuta. Irin waɗannan ragewa kawai suke yi, don haka daga bolt 19 abin da za ki samu ba zai wuce 17 ko kusa da haka ba, wanda ya ishi Arduino mai bolt 5 da makamancinsa ESP32 mai 3.3 har da rara. Ki fara kowane sabon haɗi da iyakar miliamfiya 100, in komai lafiya sai ki ƙara.

Tambaya: Daga Maraɗi nake rubutowa. Ina sayar da kayan sola, ina kuma son sanin ko zan iya cajin batura da fawa saflai, maimakon in sayi caja dabam.

Amsa: Malam, za ka iya, ga ƙananan batura, kuma kana tsaye a kai. Batirin dalma mai bolt 12 ana cajinsa a bolt 14.4, da amfiya kimanin kashi ɗaya cikin goma na girmansa, wato mai lamba 7Ah a ba shi 0.7. Ƙwayar litiyam irin 18650 kuwa iyakarta bolt 4.2, kada a ɗara ko kaɗan. Za ka ga na'urar ta fara a CC, daga baya ta koma CV, amfiya tana raguwa a hankali, idan ta yi ƙasa sosai sai ka cire, domin fawa saflai ba ta san ta tsaya da kanta ba, litiyam kuma idan ya kama da wuta ba ya jin ruwan buta. Ka kunna na'urar ka saita ta kafin ka jona batir, ka cire batir kafin ka kashe ta, domin batir yana iya mayar da wuta cikinta. Babban haɗari shi ne juya kai: idan ka sa ja a wurin baƙi, iyakar amfiya ba za ta cece ka ba, tunda wutar daga batirin take fitowa, kuma nan take za ta ƙone kayan ciki. Manyan baturan sola masu 200Ah kuwa suna son kusan amfiya 20, wannan aikin caja ne na musamman.

Tambaya: Yayana da ke Amurka ya ce zai aiko mini da tsohuwar fawa saflai ta HP da aka daina amfani da ita a wurin aikinsu. In karɓa, ko in ce ya aiko da kuɗin in sayi sabuwa?

Amsa: Ka karɓa da hannu biyu, ɗan'uwa, muddin kuɗin dako bai fi ƙarfinku ba, domin tsofaffin HP da na Agilent, kamfanin da ya gaji wannan sana'a daga HP, an gina su da inganci, kuma littattafan gyaransu suna samuwa. Ka roƙe shi ya turo maka lambar samfurin da hoton bayanta tukuna. Lambar za ta gaya maka ko ta isa aikinka, misali E3610A tana ba da bolt 8 a amfiya 3 ko bolt 15 a amfiya 2, ta yi wa waya da ƙananan haɗe-haɗe amma ba ta kai laftof ba. Hoton bayan kuma zai nuna maka wutar da take ci. Wutar Amurka bolt 120 ce, kuma idan ka cusa irin wannan na'ura a soket ɗinmu ba tare da sauyi ba, taransifomarta za ta ƙone a take. Wasu suna da makunni a baya ko a ciki da ake turawa daga 115 zuwa 230, kuma idan an tura shi sai an canza fiyus zuwa wanda aka rubuta wa 230, wanda yawanci rabin na farko ne. Wadda ba ta da wannan makunni sai an haɗa ta da taransifomar sauke wuta. Ranar da ta iso, ka sa wanda ya iya ya buɗe ta ya duba manyan kafasitoci ko akwai wanda ya kumbura ko ya yi yoyo, sannan ka yi mata gwajin ƙwan mota da na bayyana a amsar farko kafin ka jona mata kayan kowa.